Gwaninta da Ciniki: Ina Iyakar Ikon Mai Saye?

Tsakanin maginiyar tukwane a Dirin Daji, hedkwatar ƙaramar hukumar Sakaba a masarautar Zuru, da marini a Ƙofar Mata, da mai shirya fim a Kano akwai tazara mai yawa, amma damuwarsu ɗaya ce. Kowannensu ya san aikin da ya fi kyau, ya kuma san aikin da ya fi saurin fita, kuma ba kullum ne biyun ke haɗuwa ba. Maginiya ta san tulun da aka daɗe ana goge shi da dutse, aka yi masa zane a wuya, ya fi kyan gani, ya fi ƙarko. Ta kuma san jarkar roba na jiran mai saye a rumfa ta gaba, ba ta fashewa, ba ta da nauyi. Idan aka taya tulun nan da kuɗin da bai kai wahalar haƙo yumɓu da saro itace ba, ko dai ta ce albarka ta koma da shi gida, ko ta sallama, ta ƙudura a ranta cewa na gaba ba zai ci mata lokaci haka ba. Daga wannan ƙudurin sana'a ke soma lalacewa.

Masu magana a kan batun sun kasu biyu. Wasu, yawanci manazarta, suna ganin kuɗi ne ya ɓata waƙa, ya ɓata fim, ya ɓata rubutu, don haka gwanin ƙwarai shi ne wanda bai kula kasuwa ba. Wasu kuma, yawanci masu zuba jari, cewa suke yi jama'a ce alƙali, abin da ta saya shi ne mai kyau, saura duk surutu ne. Kowane ɓangare yana riƙe da guntuwar gaskiya. Abin da nake gani shi ne, mai saye yana da ikon faɗin girma da launi da lokaci da abin da aljihunsa zai iya. Inganci da gaskiyar aiki kuwa amana ce a wuyan mai sana'a. Ko zai iya riƙe wannan amana ko ba zai iya ba, ya danganta ne da yawan ƙofofin da yake fitar da kayansa. Wanda ƙofarsa ɗaya ce, duk abin da mai tsaron ƙofar ya ce shi zai yi.

Kasuwa ce ta reni gwanaye

Wanda ke tsammanin fasahar ƙasar Hausa ta tashi ne nesa da ciniki bai duba tarihi ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, a ƙarni na 15, kuma ana danganta kafuwar karofin Ƙofar Mata da shekarar 1498. Da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, abin da ya fi burge shi saƙa da rini ne, har ya bayyana yadda tufafin Kano ke kaiwa Tambutu da Gat da Tarabulus. Jar fatar akuyar Sakkwato ma ta haye Sahara, Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko saboda ta hannun fataken can ta isa gare su.

Dubi turkuɗin Kura. Buzaye ne manyan masu sayensa, kuma su ne suka san irin wanda suke so: ƙyalle siriri, rini mai duhu, sheƙi kamar an shafa masa mai. Don a gamsar da su, masaƙa suka ƙware a saƙa mai laushi, marina suka ƙware a tsoma zane cikin baba sau da yawa, mabuga suka ƙware a bugu har ya ɗauki ido. Buƙatar mai saye ce ta ɗaga aikin, domin mai sayen ya san kaya, yana bambance na ƙwarai da na banza tun daga nesa, kuma yana biya.

Haka waƙa take. Ibrahim Narambaɗa makaɗin fada ne a Isa, Musa Ɗanƙwairo ya yi wa sarakuna da Sardauna waƙa, Sani Aliyu Ɗandawo ya yi tasa hidimar daga Yawuri. Dukkansu an ba su riguna da dawaki da kuɗi, kuma ba wanda ya ce kyauta ta rage musu azanci. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai ɗaure kansa a fada ɗaya ba. Ya yi wa sarki, ya yi wa attajiri, ya yi wa direba da manomi, shi ya sa ba mai iya juya shi. Wurin mai sana'a, kasuwa kamar wutar gashi ce wurin maginiya: idan babu ita tukunya ɗanya ce, idan ta wuce kima ta fasa ta.

Tukwanen ƙasar Zuru

Ƙasar Zuru na da abin da za ta koyar a wannan batu fiye da wurare da yawa. Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, sun shahara da wasu tukwane na musamman da ake ɗorawa a kan kaburburan manyan mutane, irin su shugabanni da gwanayen noma da mafarauta da 'yan kokawa. Mata ne ke gina su, sana'ar na bin gida, uwa ta koya wa 'ya. A kan tukunyar akan gina siffar mutum, ko mahayin doki, ko dabba irin giwa, sau da yawa kai a ɗage, baki a buɗe. Wanda ya sa a yi aikin dangin mamaci ne, masu kallonsa kuma mutanen gari ne da suka san mamacin, suka san abin da kowace siffa ke nufi. Maginiya ba ta isa ta yi ha'inci ba, domin alƙalanta maƙwabtanta ne.

Turawa sun daɗe suna rubutu a kan waɗannan tukwane. A yau ana ganinsu a gidajen tarihi da ɗakunan gwanjo na Turai da Amurka, alhali a gida al'adar ta ja baya saboda yaɗuwar Musulunci da Kiristanci da sauyin rayuwa. Mai saye na waje ba mamacin ya sani ba, ba maginiyar ya sani ba. Abin da yake nema tsufa ne da baƙunta. A takardar gwanjo za a rubuta sunan ƙabila, sunan matar da ta yi aikin kuwa ba a cika ganinsa ba.

Duk inda irin wannan kasuwa ta shiga, ɓarna biyu kan biyo ta: sata da jabu. An gani a kayan tarihi na Nok, an gani a na yankin Sakkwato da Katsina, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin wawashewa a shekarar 2000. A Nijeriya, dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba. Ko me mutum ya ɗauka game da al'adar a addinance, ɗauke abu daga kan kabarin uban wani a sayar wa baƙo cin amana ne. Binne sabuwar tukunya a ƙasa don ta yi kama da tsohuwa shi ma yaudara ce. Darasin farko ke nan: akwai abin da ba na sayarwa ba ne, kuma mai sayen da bai san ma'anar aiki ba yana iya biyan kuɗi masu yawa a kan abin da zai kashe sana'ar. Hannun da ya iya gina mahayin doki a kan tukunya zai iya gina sabon abu na ado, da sunan mai shi a jiki, a sayar da shi a fili da sunan sabo.

Abin da Ladi Kwali ta bayar da abin da ta riƙe

Babu misalin da ya kai na Ladi Kwali nuna yadda ake sulhu da kasuwa ba tare da an zubar da kai ba. Bagwariya ce daga garin Kwali, ta koyi gini a gida irin na gargajiya, ana murɗa yumɓu ana ɗorawa ana zagaya tukunya. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana cikin masu ajiye tukwanenta tun kafin duniya ta san ta. A farkon shekarun 1950 Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yanzu, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko.

A can aka sauya abubuwa da yawa. Aka sauya haɗin yumɓu, aka riƙa shafa wa tukunya wani ruwa mai ƙyalli irin na tangaran, aka riƙa gasa ta a murhu mai tsananin zafi maimakon tulin itace da ciyawa a fili. Sakamakon haka sai tulun ya tashi daga aikinsa na asali. Randar gargajiya na sanyaya ruwa ne saboda jikinta na tsattsafo da shi, iska ta buga, zafi ya fita. Wadda aka shafe da ƙyalli ba ta tsattsafo, ga nauyi, ga tsada. Matar ƙauye ba ta da abin yi da ita. Tulun ɗebo ruwa ya koma kayan ado na falo, aka baje shi a Landan a 1958.

Wannan asara ce, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Amma a duba abin da Ladi ta ƙi saki. Manyan tulunanta da hannu ta ci gaba da gina su kamar yadda ta koya a gida, duk da ta iya aiki da na'ura mai juyawa. Siffarsu ta Gwari ce. Zanen jikinsu, kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi da tsuntsu, nata ne, da hannunta take tsaga shi. Ta bar wa kasuwa fatar tukunya, ta riƙe gini da zane. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma yau hotonta ne a bayan takardar naira 20. Darasi na biyu: kafin gwani ya zauna ciniki, ya san wane ɓangare na aikinsa ne shi kansa, ya sassauta a sauran.

Lokacin da ƙofa ta zama ɗaya

Tarihin fim da littafin Hausa ya nuna ɗaya fuskar. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, daga nan harka ta buɗe. Amma yadda ake sayar da fim a zamanin kaset shi ya tsara irin fim ɗin da ake yi. Furodusa zai ci bashi ya ɗauki fim, ya buga kwalaye, ya kai wa 'yan kasuwa, musamman na Ƙofar Wambai. Su za su sayi kwali, su gurza kaset, su raba wa masu sari. Yawan kwalin da suka ɗauka shi ne cinikin furodusa. Saboda haka kafin a rubuta labari, tambayar farko ita ce fuskar wa za a sa a kwali, waƙa nawa ce a ciki. Bayan Sangaya ya yi kasuwa a 1999, rawa da waƙa suka zama kamar sharaɗi, labarin saurayi ɗaya da 'yan mata biyu ya cika gari. Ba don marubuta ba su da wani labarin ba ne. Wanda ya kawo wani abu daban ba shi da wata ƙofar da zai bi.

Ba daidai ba ne a ɗora wa 'yan kasuwar laifi duka. Kuɗinsu suka sa, kuma su ne suka kai fim ɗin Hausa har Yamai da Agadas da Kumasi. Aibin yana cikin tsarin da ya tara jari da hanya da hukunci a hannu ɗaya. Da masu tura finafinai a waya suka karya cinikin faifai, tsarin ya rushe gaba ɗaya, aka daɗe ana lalube kafin tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da YouTube su buɗe sabuwar hanya ta shirye-shirye masu dogon zango irin Daɗin Kowa da Labarina da Izzar So.

Littafi ma haka ya sha. Gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar ƙofar hukuma ce, kuma shekaru da dama marubuci ba shi da wata sai ita da kamfanonin da suka gaje ta a Zariya. A shekarun 1980 matasa, musamman mata, suka fara buga littattafansu da kuɗinsu, aka kira abin Adabin Kasuwar Kano, manazarta suka yi ta muhawara a kansa a jaridu. Gaskiya ne kasuwa ta bar tabonta: a raba labari ɗaya kashi uku ko huɗu don a sayar sau uku ko huɗu, a buga ba tare da an tace rubutu ba. Amma daga cikin wannan kasuwa Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan auren dole da karatun 'ya mace, kuma an fassara littafinta Alhaki Kwikwiyo Ne zuwa Turanci, aka buga shi a Indiya a 2012. Ta yi amfani da salon da masu karatu ke so, ta faɗi abin da ita take son faɗa. Darasi na uku: yawan ƙofofi shi ne 'yancin mai fasaha.

Wayar hannu da sabon ubangida

Yau mai ɗinkin hula a Zariya ko baduku a Sakkwato zai iya ɗaukar hoton aikinsa ya sa a WhatsApp ko Facebook, mai saye a Legas ya turo kuɗi ta banki, a ba direba saƙo a tasha. Marubuciya na sayar da labarinta shafi-shafi a waya ba tare da ta je wurin maɗaba'a ba. Ga yankuna irin Sakaba da Danko-Wasagu, inda matsalar 'yan bindiga ta tsorata baƙi ta rage zirga-zirgar kasuwanni, wannan hanya na da amfani ƙwarai.

Sai dai wayar ta zo da nata ubangidan, wato yawan masu kallo. Shi ba ya zama a rumfa balle a roƙe shi, kuma abin da yake so sauri ne da hayaniya. Shi ke sa a ja shiri har ya tsinke don kada mako ya wuce ba a saki sabo ba. Shi ke sa mawaƙi ya saki waƙar da bai gama dafawa ba. A fagen siyasa kuma an koma ga tsohuwar matsala: mawaƙin da abincinsa ke hannun ɗan takara ɗaya zai yabi wanda ya zaga jiya, kuma waƙar kan mutu ranar da aka sanar da sakamakon zaɓe.

Ina mafita?

Masu sana'ar gargajiya sun daɗe da wata dabara da ya kamata a riƙe ta da kyau. Tela da maƙeri da mai hula duk sun san bambancin aikin kasuwa da aikin oda. Na kasuwa ana yinsa da yawa, cikin sauƙi, shi ke kawo cefane. Na oda ana zauna masa, shi ke kawo suna. Babu aibi a yin duka biyun, muddin an gaya wa mai saye gaskiyar wanda yake saye, kuma na kasuwa bai cinye lokacin na oda ƙaf ba. Aibi shi ne a sayar da hular inji da sunan ɗinkin hannu, ko rinin sinadari da sunan baba. Wanda ya yi haka ya ci riba yau, ya kashe kasuwar 'yan'uwansa gobe.

Sai batun farashi. Da yawa daga masu aikin hannu, musamman mata a karkara, kuɗin kayan aiki kawai suke lissafawa, su manta da kwanakin da suka zauna. Hular da ta ci makonni ana ɗinki ba a yi mata kuɗin zare kaɗai. Mai sana'a ya lissafa kaya, ya lissafa lokaci, ya ɗora riba, sannan ya nemi mai sayen da ya dace da wannan farashi, maimakon ya rage aikin ya dace da mai tayi.

Sai suna. Kowane tulu na ado, kowace jaka, kowane zane ya fita da alamar mai shi da garinsu. Fatar Sakkwato ta yi ɗaruruwan shekaru tana ɗaga sunan wata ƙasa saboda rashin wannan. Marubuta da mawaƙa kuma su san akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kada su miƙa aikinsu da baki kawai ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba.

Sai haɗin kai. Maginiya ɗaya ba ta iya ɗaukar hayar mota zuwa Birnin Kebbi ko Abuja, amma mata ashirin za su iya, kuma dillali ba ya karya farashin mutanen da bakinsu ɗaya. Dillali na da amfaninsa, ya ci la'adarsa halal, amma kada ya zama shi kaɗai ne hanya.

Hukuma ma na da nata. Bikin Uhola na tara jama'a a Zuru, bikin kamun kifi na Argungu kuwa, wanda ya samo asali tun 1934, ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016. Irin waɗannan taruka su ne wurin da ya dace a ware rumfuna na masu sana'ar hannu na masarautun jihar Kebbi, su da kansu su tsaya a kan kayansu, a yi gasa a ba gwani kyauta a gaban jama'a. Gwanin da aka karrama a garinsu, yaran garin za su so su gaje shi.

Kaso mafi girma yana wuyanmu masu saye. Mu ne muke taya aikin mako biyu da kuɗin kwanon abinci, sannan mu zauna muna cewa gwanaye sun ƙare. Mu ne muke karɓar fim da littafi a waya kyauta, sannan mu yi ƙorafin labari ba shi da ma'ana. Araha ba ta ado. Idan muna son 'ya'yan magina da marina da marubuta su ci gaba da sana'ar iyayensu, sai sun ga tana ciyar da gida. Ina kira ga mai sana'a ya yi ciniki a kan komai ban da ingancin aikinsa, ina kuma kira ga mai saye, idan ya ga aikin ƙwarai, ya tambayi sunan wanda ya yi shi, ya biya shi haƙƙinsa cikakke.